Ohio State da Notre Dame: wa zai ɗauki kofin jami'o'in Amurka, kuma ta wace hanya?

(An yi wannan tambaya da amsa ne a Janairun 2025, kafin a buga wasan.)

Tambaya: Salam malam. Ina ta ganin ana maganar wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka na jami'o'i da za a buga ranar Litinin tsakanin Ohio State da Notre Dame. Ni ban daɗe da fara kallon wasan nan ba, dokokin ma sama-sama na sani. Wa kake ganin zai ci, kuma me kowace ƙungiya ya kamata ta yi in har tana son kofin?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ohio State nake ganin za ta ci. Amma tunda ka ce kai sabon shiga ne bari in warware maka dalili, don in ka zauna kallo ka san inda za ka sa ido, kar ka yi ta bin ƙwallo da ido kawai kana ganin ƙatti suna ta karo da juna.

Wasan dai ranar Litinin ne 20 ga Janairu 2025 a filin Mercedes-Benz da ke Atlanta, ƙarfe 7:30 na yamma agogon can, wato wajen 1:30 na daren Litinin wayewar Talata agogon Najeriya da Nijar, kuma ESPN ce ke haskawa. Ka shirya shayi don duk da a takarda minti 60 ne, kwata huɗu kowace minti 15, da tsaye-tsaye da talla sai ya ci awa uku da rabi. Filin yana da rufi, saboda haka cire maganar sanyi ko iska ko ruwa daga lissafi, kuma wannan ma kansa ya fi yi wa Ohio State daɗi tunda su ne masu son jifa.

Dokar da kake buƙata kaɗan ce. Mai riƙe da ƙwallo ana ba shi dama huɗu ya ci yadi 10, ko da gudu da ƙwallon ko da jefa wa ɗan ƙungiyarsa, in ya ci a sake ba shi sabbin huɗu, in ya kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kai ƙwallo ƙarshen fili shi ne tachdawun, maki 6 da ƙarin 1 in an buga ta shiga tsakanin sanduna, bugun sanduna shi kaɗai kuma maki 3 ne. Abin da sabon mai kallo bai cika lura da shi ba shi ne, kowace ƙungiya a wasa ɗaya sau goma zuwa sha biyu ko sha uku ƙwallo ke zuwa hannunta, shi ke nan. To duk lissafin wasan ranar Litinin a kan wannan adadin yake. Ohio State tana son adadin ya yi yawa saboda duk lokacin da ƙwallo ta zo hannunta akwai yiwuwar maki 7. Notre Dame kuma tana son ya ragu ya dawo takwas ko tara, ta kuma sace ɗaya ko biyu daga ciki.

Kakar bana ta 2024 ce karon farko da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 12, a da huɗu ne kacal, kuma da tsarin da ne da wuya a ce waɗannan biyun sun shiga ma. Notre Dame ta shigo a lamba 7, Ohio State a lamba 8, kowacce wannan ne wasanta na 16 a kakar, abin da yaran jami'a ba su saba ba, shi ya sa za ka ji ina ta maganar masu rauni.

Ohio State ita ce mai kaya. Kocinsu Ryan Day, kuma daraktan wasannin jami'ar da bakinsa ya ce kuɗin da 'yan wasan suka samu ta hanyar sabon tsarin biyan ɗalibai ya kai wajen dala miliyan 20. Manyan yaransu irin su Jack Sawyer da JT Tuimoloau da TreVeyon Henderson da Emeka Egbuka (mahaifinsa ɗan Najeriya ne, sunan ma ya gaya maka) duk za su iya tafiya NFL, babbar lig ta ƙwararru, bara amma suka dawo, sannan aka ɗauko kwatabak (mai jagorantar hari da jefa ƙwallo) Will Howard daga Kansas State, da Quinshon Judkins daga Ole Miss, da Caleb Downs daga Alabama, ga kuma yaro ɗan shekarar farko Jeremiah Smith wanda shi ne dodon wasan nan gaba ɗaya. Da duk wannan kayan sai ga shi Oregon ta doke su 32 da 31 a watan Oktoba, wannan ba a yi surutu sosai ba don maki ɗaya ne kuma a gidan Oregon ne, amma ranar 30 ga Nuwamba Michigan ta zo har gida Columbus ta doke su 13 da 10, karo na huɗu a jere, alhali Michigan ɗin bana ba ta da wani ƙarfi. Ranar har dambe aka yi a tsakiyar fili bayan an tashi, 'yan sanda suka fesa barkono, magoya baya suka yi ta kiran a kori Day.

Wannan wasan na Michigan ka riƙe shi da kyau don shi ne taswirar da Notre Dame za ta so ta bi. Ohio State ranar ta nace sai ta nuna ita ma tana da ƙarfin tsiya, ta yi ta tura gudu ta tsakiya inda Michigan ke da ƙattai biyu Mason Graham da Kenneth Grant, ta manta tana da Smith da Egbuka da Carnell Tate a gefe, Howard ya jefa biyu a hannun abokan hamayya, mai bugunsu ya zubar da bugun sanduna biyu, wasa ya zama na laka da kokawa, kuma a laka aka kayar da su. Tun daga ranar Chip Kelly mai tsara harinsu ya canza, ya koma jifa tun daga farko sannan gudu ya biyo baya. Da aka shiga gasar nan Tennessee ta sha 42 da 17. Oregon da ba a taɓa doke ta ba duk kakar, a Rose Bowl kafin ta farga an yi mata 34 da nema, aka tashi 41 da 21, Smith shi kaɗai ya cafe 7 ya ci yadi 187 da tachdawun biyu. Sai Texas a Cotton Bowl, 28 da 14, wanda zan dawo kansa don akwai darasi.

Ita kuwa Notre Dame jami'ar Katolika ce a jihar Indiana, tsohon gida ne mai suna amma rabonta da kofi tun 1988 zamanin Lou Holtz, karon ƙarshe da ta je wasan ƙarshe a Janairun 2013 Alabama ta yi mata 42 da 14. Ba ta cikin wata lig, ita kaɗai take, shi ya sa ma dala miliyan 20 da ta samu na zuwa wannan matakin ba mai raba su da ita. Kocinsu Marcus Freeman shekararsa 39, kuma abin dariyar shi tsohon ɗan wasan Ohio State ne, can ya buga. Mahaifinsa baƙar fata mahaifiyarsa 'yar Koriya, shi ne koci baƙar fata na farko da ya kawo wannan matakin. A sati na biyu na kaka wata ƙaramar makaranta Northern Illinois, wadda Notre Dame ta biya dala miliyan 1.4 don ta zo a lallasa ta, ita ta lallasa su 16 da 14 a gida. Kowa ya ce shi ke nan an gama da su. Tun daga nan wasa 13 a jere suka ci, na baya-bayan nan Indiana 27 da 17, Georgia 23 da 10, Penn State 27 da 24.

To ga inda gizo ke saƙar. Abin da ya kawo Notre Dame nan shi ne tsaronta, kuma tsaron Al Golden, kocin da ke tsara musu shi, gininsa a kan makin mutum da mutum yake, kowa ya kama nasa ya bi shi duk inda ya shiga, a bar mutum ɗaya a can baya yana sintiri, yawanci Xavier Watts wanda gwani ne wajen sace jifa. Amfanin haka shi ne kana da rarar mutum da za ka ƙara a gaba ya tare gudu ko ya afka wa kwatabak. Da wannan suka ƙwace ƙwallo sama da sau 30 a kakar, ba wanda ya kai su a ƙasar, kuma a wasan Penn State risibobin gefe (masu cafe jifa) na Penn State ko jifa ɗaya ba su cafe ba, sifili, duk wasan. Amma risibobin Penn State daban, na Ohio State daban. Smith dogo ne mai jiki, kusan ƙafa 6 da inci 3, ga gudu, ga hannu, in ka bar shi da mutum ɗaya Howard ba ya ma tunani sai dai ya ɗaga masa sama. Kuma babban mai makin na Notre Dame Benjamin Morrison ya ji ciwo a ƙugu tun Oktoba ba zai buga ba, waɗanda suka rage Leonard Moore ɗan shekarar farko ne (yaron yana da kyau ƙwarai gaskiya) da Christian Gray wanda shi ya sace jifar da ta kashe Penn State amma shi ne kuma wanda ƙungiyoyi suka fi nema da jifa.

Texas ta nuna wata hanyar. Sun ajiye mutum biyu a can baya, suka sa ɗaya a gaban Smith ɗaya a samansa duk inda ya tsaya, yaron nan da ya yi wa Oregon kaca-kaca ya tashi da cafa 1 da yadi 3. Wasa ya zauna 14 da 14 har cikin kwata ta huɗu. Sai mutum ya ce to ai shi ke nan, Golden ya kwafi Texas mana. Matsalar ita ce Texas tana da ƙattin layi da za su iya tare gudu ba tare da taimakon mutanen baya ba, Notre Dame kuwa layinta ya rame, Rylie Mills wanda ya fi kowa kayar da kwatabak a cikinsu ya ji ciwo a gwiwa a wasan Indiana, Jordan Botelho da Boubacar Traore tun farkon kaka suka fita, Howard Cross yana bugawa amma da ciwon idon sawu ya dawo. Penn State ta yi gudun sama da yadi 200 a kansu. In ka ja mutum biyu baya saboda Smith, Henderson da Judkins za su yi ta cin yadi shida bakwai, in ka matso da su gaba saboda gudu, Smith yana can shi da yaro ɗaya. Bargon gajere ne, ka rufe kai ƙafa ta fito. Kuma ko a wasan Texas ɗin ma da aka kulle Smith ai Tate ya cafe bakwai, Henderson kuma ya karɓi wata 'yar gajeriyar jifa daf da hutun rabin lokaci ya ruga yadi 75.

Ni a ganina Golden ba zai yar da abin da ya saba ba, 'yan wasansa ma sun faɗa a fili cewa ba za su canza ba, kuma akwai hikima a ciki don ƙungiyar da ta shafe wata huɗu tana abu ɗaya in ka ce ta koyi sabo cikin kwana goma kuskure za ta yi ta yi. Abin da zai iya yi shi ne ya ɓoye. Kafin a fara ya nuna wa Howard kamar mutum da mutum ne, da an ɗaga ƙwallo Watts ya zame ya faɗa inda jifar za ta bi. Howard yana da kyau, yana cika jifa sama da kashi 70 cikin ɗari, amma yakan yi kyautar ƙwallo ɗaya a wasa in an rikita shi, ya yi a wasansu da Penn State a Nuwamba inda aka mayar da ita tachdawun, ya yi biyu a Michigan, ya yi ɗaya a Texas. Notre Dame tana buƙatar wannan kyautar, kuma ɗaya ba za ta isa ba sai dai biyu.

Don ka gane yadda Notre Dame ke cin wasa, duba abin da ta yi wa Georgia a Sugar Bowl ranar 2 ga Janairu, wasan da aka ɗage da kwana ɗaya saboda harin da aka kai New Orleans. Ana 3 da 3, saura daƙiƙa 39 a tafi hutu Mitch Jeter ya buga ta shiga, 6 da 3. Georgia maimakon ta durƙusa da ƙwallo agogo ya ƙare ta tafi hutu sai ta ce bari ta gwada jifa, RJ Oben (ɗan Roman Oben ne, haifaffen Kamaru da ya buga NFL) ya zagayo ta bayan kwatabak ɗinsu Gunner Stockton ya buge ƙwallon ta faɗi, Notre Dame ta ɗauka, jifa ɗaya Riley Leonard ya ba Beaux Collins, tachdawun. Aka dawo daga hutu Georgia ta bugo ƙwallon farawa, Jayden Harrison ya cafe ya ruga yadi 98. Maki 17 cikin daƙiƙa 54 na agogon wasa. Leonard duk wasan yadi 90 kacal ya jefa kuma suka ci da tazarar 13. Can ƙarshen wasan ma Freeman ya turo masu bugun sallama kamar zai mayar da ƙwallo, sai kwatsam duk sha ɗayan suka fice da gudu 'yan hari suka shigo, Georgia ta rikice ta tsallako layi kafin lokaci, aka ba Notre Dame sabbin damammaki ta cinye agogo. Haka suke, ba sa buƙatar su fi ka yadi, kuskurenka suke jira, kuma kocinsu ba ya tsoron kasada a dama ta huɗu. Ranar Litinin ka sa ran ganin wata dabara irin wannan, in ma ba su yi ba to sun yi sake.

Yanzu in ƙwallo tana hannun Notre Dame fa? Nan ne ni na fi jin tsoro a madadinsu, fiye ma da maganar Smith. Tsaron Ohio State na koci Jim Knowles shi ne na ɗaya a ƙasar, wajen maki 12 ake cin su a wasa. Bayan Oregon ta kunyata su a Oktoba, inda ko sau ɗaya ba su kayar da Dillon Gabriel ba, sun sake zama sun gyara, suka matso da Downs tsakiya yana yawo kamar mai gadin kasuwa yana ganin komai, da aka sake haɗuwa a Rose Bowl sau 8 suka kayar da Gabriel ɗin. Harin Notre Dame kuwa gudu ne. Jeremiyah Love ya wuce yadi 1,000 a kakar, shi ya ruga yadi 98 a kan Indiana, amma gwiwarsa ba lafiya tun ƙarshen Nuwamba kuma ya fama ta a wasan Georgia, akwai Jadarian Price a bayansa, sannan shi kansa Leonard wanda ya zo daga Duke ya ci tachdawun 16 da ƙafarsa. In kwatabak yana gudu da kansa lissafin masu tsaro yakan lalace saboda an samu ƙarin mai tare hanya guda ɗaya, kuma a dama ta uku saura yadi biyu ko ta huɗu saura yadi ɗaya kusan kowa a filin ya san Leonard ne zai ɗauka amma a hakan yake ci.

Sai dai jiki ne, ba ƙarfe ba. A wasan Penn State sai da aka fitar da shi aka duba kansa kafin hutu, Steve Angeli ya shigo ya kai su bugun maki 3 sannan ya dawo. In Mike Denbrock mai tsara harinsu ya sa shi gudu sau 20 a kan Sawyer da Tuimoloau da Tyleik Williams da Cody Simon, anya zai kai kwata ta huɗu da ƙarfinsa? Ga kuma wata matsalar, mai tsare masa gefen hagu Anthonie Knapp ya ji ciwo a wasan Penn State ba zai buga ba, ana sa ran Charles Jagusah ne zai tsaya wurin, yaron da ya yi jinyar tsokar ƙirji duk kakar sai yanzu ya dawo. Gefen hagu shi ne bayan kwatabak mai jifa da dama, ba ya ganin abin da ke zuwa. To ka ɗauki yaron da ba a fara wasa da shi ba duk kakar ka ce ya tare Tuimoloau a wasan ƙarshe. Su ma Ohio State sun rasa Josh Simmons a wannan gurbin da kuma na tsakiyarsu Seth McLaughlin, amma su sun samu makonni sun daidaita, Donovan Jackson ya koma can ya zauna daram.

Saboda haka dama ta farko ita ce rayuwar Notre Dame. In suka ci yadi huɗu ko biyar a dama ta farko, komai na littafinsu a buɗe yake, agogo yana tafiya, kuma tun 2023 an canza doka agogo ba ya tsayawa don an ci yadi 10 sai a minti biyun ƙarshe na kowane rabi, wato ƙungiya mai haƙuri za ta iya riƙe ƙwallo minti bakwai takwas a tafiya ɗaya Smith yana zaune a benci yana kallo, tunda 'yan hari ba sa shiga sai ƙwallo tana hannun ƙungiyarsu. In kuwa aka tare su suka wayi gari a dama ta uku saura yadi 8 ko 9, to an shiga gonar Ohio State, don Leonard ba mai tsayawa wuri ɗaya bayan masu tare masa ya yi ta rarraba jifa ba ne, a Penn State ma biyu ya jefa wa abokan hamayya. Duk da haka dole su gwada jifa mai nisa ko sau huɗu ko biyar ne. Jaden Greathouse ya farka a wasan Penn State da tachdawun na yadi 54, Mitchell Evans babban mutum ne a tsakiya, kuma Davison Igbinosun mai makin na Ohio State yana da son riƙe riga, alƙalai sun sha jefa masa tutar laifi bana. A wasan jami'a irin wannan laifin yakan kai har yadi 15 da sabbin damammaki, kyauta ce ga ƙungiyar da ke wahalar cin yadi.

Wani wurin da za ka sa ido shi ne yadi biyar na ƙarshe kafin layin ci. Ohio State a nan ba ta da mutunci. Penn State ta zo yadi 3 da dama huɗu a hannu a watan Nuwamba ta tashi ba ko maki. Texas kuma, ana 21 da 14 saura 'yan mintuna, ta samu dama ta farko a yadi 1, yadi ɗaya tak ya rage ta rama. Gudun farko aka tare shi a wurin. Na biyu suka jefa wa mai gudu ta gefe, Downs da Lathan Ransom suka taso aka kayar da shi baya da yadi bakwai. Na uku jifa ta faɗi ƙasa. Na huɗu daga yadi 8 Quinn Ewers ya ja baya yana neman wanda zai ba, Sawyer ya kewaye mai tare shi ta dama ya doke hannun, ƙwallo ta yi tsalle ta dawo masa, ya ɗauka ya ruga yadi 83 har gida. Kuma Sawyer da Ewers ɗaki ɗaya suka zauna lokacin da Ewers yake Ohio State kafin ya koma Texas. Notre Dame in ta sha wahala ta yi tafiyar minti takwas ta zo nan ta tashi da maki 3, riba ce ga Ohio State. Jeter ya warke daga ciwon da ya dame shi a tsakiyar kaka, shi ya buga na yadi 41 da ya fitar da Penn State saura daƙiƙa 7, amma da uku-uku ba za ka kamo ƙungiyar da ke cin bakwai-bakwai ba.

Ita Ohio State abin da za ta yi bai da yawa, shi ya sa ban daɗe a kanta ba. Ta fara da wuri kamar yadda ta yi wa Tennessee da Oregon, don in ta ba da tazarar maki 14 Notre Dame dole ta bar gudu ta koma jifa, kuma wasan ya ƙare ke nan ko da saura rabi. Ta riƙe ƙwallo da kyau. Ta rage laifuffukan banza, don a wasan Texas su suka yi ta kashe wa kansu tafiya da tutoci har wasan ya yi tsauri. Sannan Day kar ya bari zuciya ta ɗebe shi. Akwai tsohuwar jiƙaƙƙa a nan, a 2023 Lou Holtz ya ce Ohio State ba ta da tauri, da suka ci Notre Dame 17 da 14 Day ya tsaya gaban kyamara yana ta huci yana neman inda Holtz yake. Irin wannan son nuna tauri shi ya kai shi ga abin da ya faru da Michigan. In ka ga Ohio State tana ta cusa gudu ta tsakiya a dama ta farko da ta biyu Smith bai taɓa ƙwallo ba har kwata ta ƙare, to ka gyara zama, wasan zai yi daɗi.

Wancan wasan na 2023 ma abin tunawa ne ga Freeman, don tachdawun ɗin da aka ci su saura daƙiƙa 1, daga yadi 1, mutum goma ne Notre Dame take da su a fili maimakon sha ɗaya, kuma ta daidai gurbin da babu mutum aka bi. A 2022 ma Ohio State ce ta ci 21 da 10. Sau shida a jere ke nan tana cin su, rabon Notre Dame da doke ta tun 1936. Tarihin da can bai dame ni ba, yaran yanzu ba ruwansu da 1936, amma wasanni biyun nan na kusa suna nuna abu ɗaya mai amfani: Freeman ya san yadda zai ja Ohio State cikin wasa mai ƙarancin maki, sau biyu ya riƙe su a 21 ko ƙasa. Abin da ya kasa shi ne cin maki, 10 da 14 ya samu.

Masu hasashe sun ba Ohio State fifikon sama da tachdawun guda, kuma ban ga laifinsu ba. Matsin lamba dai a kan Day yake, shi ne wanda rabon makarantarsa da kofi tun kakar 2014 zamanin Urban Meyer, shi ne Alabama ta yi wa 52 da 24 a wasan ƙarshe na Janairun 2021, shi ne kuma har yanzu wasu magoya bayansa ba su yafe masa Michigan ba. Notre Dame ba abin da za ta rasa, kuma ina sa ran za ta fara da kyau, wataƙila ma ita za ta fara cin maki da doguwar tafiya ta ƙafar Leonard. Amma don ta ɗauki kofin sai abubuwa uku sun haɗu mata a dare ɗaya, ta ƙwace ƙwallo sau biyu ita ba ta yar ba, ta samu wani abu daga bugun farawa ko wata dabara, kuma Moore da Gray su tsira a hannun Smith na tsawon awa uku. Ohio State kuwa abu ɗaya cikin ukun nan ya lalace wa Notre Dame ya ishe ta. Ni na ba Ohio State 30, Notre Dame 20. In aka shiga kwata ta huɗu tazarar ba ta wuce maki 3 ba kuma Leonard yana kan ƙafarsa, daga nan na janye hasashena, don a irin wannan wurin Freeman ya fi Day kwanciyar hankali.